Mai Kunne Ya Sa wa Shuɗiya Faifai

Mahaifinmu bakanike ne, amma ba irin wanda za ka kai wa mota ka ce inji na tari ba. Shi birki ya sani, birkin ma na da, wanda 'yan gareji ke cewa diram. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana tsugune a gindin taya, a wata rumfar langa-langa da ke bayan tashar manyan motoci, tsakanin mai walda da mai facin taya. Ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Kunne ake ce masa, har wasiƙa in za a aiko masa haka ake rubutawa a bayanta.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, diram wani kwanon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa. In ka taka birki sai su buɗe su tokare kwanon daga ciki. Komai a rufe yake, ido ba ya gani. To Baba sai ya ɗaga mota da jak, ya ce kowa ya yi shiru, har mai walda sai ya kashe injinsa yana ƙunƙuni. Sai ya zura sukuddireba ta wata 'yar kafa a baya, hagunsa na juya tayar, damansa na ɗaurewa kaɗan-kaɗan, har ya ji takalmin ya fara shafar kwanon, shuu, shuu. Daga nan ya sassauta har ƙarar ta ɗauke ɗif. Nan ne daidai. Abin da ya koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ke nan: in taya na juyawa tana ƙara, aikinka bai ƙare ba.

Da motoci masu birkin faifai suka cika gari, Baba ya sa musu karan tsana. Faifai a fili yake, wani muƙamuƙin ƙarfe ne ke cizonsa ta gefe biyu, kuma ba abin da ake saitawa. In an kawo masa irinsu ko tashi ba ya yi, sai ya nuna tsallaken titi da sifana, garejin Dogo, wanda a hannun Baba ya koyi aiki kuma yanzu shi ma gemunsa ya yi fari.

"Wannan ai ba gyara ba ne," in ji shi. "Cire ka yar, sa sabo. Ko uwarku za ta iya."

"Kawo min in gwada mana," in ji Umma. "Wataƙila ni a ga na kawo wani abu gida."

Aiki ya yi ta raguwa, ba sai an faɗa ba. Amma masu tsofaffin motoci, irin waɗanda ke goge mota da hankici, ba su daina nemansa ba, wasu daga nesa suke zuwa. Shi ma yana da tasa, Shuɗiya, wadda ta girmi yayata da shekara biyu. Ƙafafunta huɗu duk diram, kuma birkinta ba ya jin lallashi, sai ka miƙe a kansa kamar mai hawa tsani.

Mu biyu ya haifa, duk mata. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take ba mutane umarni. Sai ni, mai koyar da lissafi. Baba kan kira ni Malama in yana son tsokanata, wato kullum.

Wata safiyar Talata ya ɗauko Umma zai kai ta shagonta na ɗinki, kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni. A mararrabar da ke kusa da kantin magani motar gabansa ta tsaya, shi bai tsaya ba. Ya karkatar da sitiyari, Shuɗiya ta hau gefen titi ta kwashi teburin mai sayar da jarida. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, mai jaridar ya tafi neman canji a lokacin. Da ya dawo ya tarar da jaridunsa a kwata bai yi faɗa ba. Hannun Baba ya kama ya fito da shi, yana ta cewa, "Sannu Baba, sannu, zauna ka huta." Umma ta ce da zaginsa mutumin ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Da la'asar Yaya ta iso ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta tsaya a tsakiyar falo ta miƙa hannu.

"Baba, makullin."

"Wane makulli?"

"Ka san wanda nake nufi. Shekararka saba'in da huɗu, gwiwarka ta dama sai ka dafa bango kake tashi. Yau tebur ne. Gobe fa?"

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Diram ne. Zafi ya yi, ya saki."

Daga gidanmu zuwa mararrabar nan tafiyar minti biyar ce, ko ni na san diram ba ya zafi a minti biyar da sanyin safiya. Kuma tunda nake ban taɓa jin Baba ya ɗora wa diram laifi ba, kullum direba ne mai laifi. A nan na gane tsoro ne ya kama shi, kuma tausayinsa ya cika ni har na ji haushin Yaya, duk da na san gaskiya ta faɗa. In aka karɓe makullin, rumfa ta ƙare, don sai ya hau bas biyu kafin ya kai, gwiwarsa kuwa ba ta hawa matakalar bas. Kai Umma shago ya ƙare. Abin da zai rage masa kujerar falo ce da rediyo.

"Ku ba ni wata ɗaya," ya ce. "Zan sa mata faifai a gaba, da busta mai taimakon ƙafa. Ke da kanki ki zaɓi wuri ki sa alama. In na wuce alamar, ni zan kawo miki makullin har wurin aikinki."

"Faifai?" in ji Umma. "Kai?"

"Ni."

Yaya ta yarda, bisa sharaɗin ba zai hau titi ba kafin ranar. Ni kuma hutun makaranta ya kama, sai na wayi gari ni ce direbansa a 'yar motata, ni ce mai miƙo sifana, ni ce kuma ƙafar da za ta riƙa taka masa birki.

Kayan suka iso cikin kwalaye uku. Takardar bayanin da ta zo da su ko buɗe ta bai yi ba, ya ninke ta ya tokare ƙafar benci da ke rawa. Ya ɗaga gaban Shuɗiya ya ɗora a kan gungume, ya kwance tayoyin. Cire diram ɗin bai ɗauke shi minti ashirin ba, hannunsa ya san kowane noti ba sai ya duba ba. Amma da ya cire bai jefa su kan tarin ƙarafa ba. Ya wanke su da kananzir, kwano da takalma da 'yan sifirin, ya naɗe a tsohon buhu ya tura ƙarƙashin benci.

"Na me kuma, Baba?" na ce.

"Ina ruwanki? Miƙo min sifana mai lamba sha huɗu."

Daga nan aka shiga kai ruwa rana. Ƙarfen da zai riƙe muƙamuƙin ya ƙi zama, rami ɗaya ya kauce da kamar kaurin ashana. Mai walda ya ce a bari ya hura masa wuta, Baba ya kore shi, ya zauna da zarto ya goge shi kwana biyu har notin ya shiga da hannu. Sabon tiyon man birki ya yi gajarta, in an murza sitiyari har ƙarshe sai ya miƙe tsam, aka mayar aka canjo. Bustar kuwa, wata baƙar tukunya da ke ara wa ƙafa ƙarfi daga inji, ba ta sami wurin zama a cikin bonet ba sai da aka matsar da batir. Duk wannan a zaune ya yi shi a kan wata 'yar kujera, ƙafar dama a miƙe, don tsugunon da ya yi shekara arba'in yana yi ya gagare shi. In zai tashi sai ya ce in juya in duba ko mai shayi ya zo, wai don kada in ga yadda yake kama bamba yana jan jikinsa.

Rana ta goma sha biyu muka zuba mai muka fitar da iska. Ina ciki, shi yana gindin taya da sifana da kwalba.

"Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki. Ke Malama, saki na ce, ba ki yi tsalle ba."

Haka muka yi har cinyata ta fara rawa. A ƙarshe birkin ya tsaya ƙam a ƙarƙashin ƙafata, tun daga sama. Na leƙo ta taga ina murna na ce an gama. Baba ya ɗaga hannu alamar a yi shiru, ya juya tayar hagu, ya kawo kunne. Shuu, shuu, shuu. Ya zagaya dama ya juya. Ita ma haka.

"Yana shafa," ya ce.

Ya nemi wurin sassautawa, babu. Ya leƙa ta baya, ya laluba ta ƙasa, ba kafa ba noti. Sai ya ɗauko sukuddirebansa ya zura tsakanin faifan da abin da ke cizonsa, ya tura su baya a hankali har suka rabu. Ya juya tayar, shiru kake ji. Fuskarsa ta washe. Ya ce in taka. Na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso, ba birki ba alamarsa. Na sake takawa, sai a na uku ya dawo. Ya juya tayar. Shuu, shuu.

Kwana biyar muka yi a wannan zagayen. Ya tura, ƙara ta ɗauke, birki ya ɓace. Na taka, birki ya dawo, ƙara ta dawo. Ya ce iska ce ta rage, muka sake fitarwa har muka ƙarar da gwangwani uku na mai. Ya ce faifan ne a karkace, ya ciro ya ɗora a kan gilashi ya duba, lafiyarsa lau. Ya daina cin abincin rana. Mai facin taya da ya ce ko a kira Dogo, kallo ɗaya Baba ya yi masa ya koma kan tayarsa. Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba mana!" Har yau ina jin kunyar wannan maganar. Ya ci gaba da goge sukuddireban da tsumma, abin da ba shi da datti.

Washegari na ce zan je sayen katin waya, na zagaya ta bayan tasha na shiga garejin Dogo na zayyana masa komai. Ya fara dariya, sai kuma ya daina.

"Haka faifai yake," ya ce. "Kullum a manne yake, yana ɗan shafa. In kika raba su, takun farko a banza zai tafi. Da Oga ya hau titi a haka, da ba tebur za a yi magana ba."

"To zo ka faɗa masa."

"Ni? In koya wa Oga birki? Ki rufa min asiri."

Amma da azahar sai ga shi ya tsallako da wata sabuwar mota fil, ko ledar kujera ba a cire ba. Ya gaishe da Baba har ƙasa, ya ce mai ita ya ce yana jin wata ƙara a baya, shi kuma kunnensa ya gaza, ko Oga zai taimaka. Baba ya saurari baya, ba komai. Sai Dogo ya ɗaga gaba, kamar ba da gangan ba, ya juya tayar. Shuu, shuu, shuu.

"Ga ƙararka nan," in ji Baba.

"A'a Oga, wannan ai tasu ce ta haihuwa. Duk masu faifai haka suke fitowa daga kamfani. Wasu ma in sun tura shi baya sai birki ya tafi ƙasa."

Baba ya sake juya tayar da kansa ya saurara. Ya dubi Dogo, sannan ya dube ni, na sunkuyar da kai ina neman abin da ban yar ba.

"Bayanta lafiya lau," ya ce wa Dogo. "Ka ce wa mai ita kunnensa ne. Na gode." Da motar ta tafi sai ya ce, "Katin naki a garejin Dogo ake sayarwa yanzu?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya mayar da tayoyin, ya sauke jak, bai sake taɓa faifan ba. Amma ran nan a hanyar gida ya ce min, yana kallon waje, shekara arba'in yana hana taya magana, ashe akwai wadda in ta yi shiru ne za ta kashe mutum.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi, a wani filin siminti da ke bayan tasha inda ake wanke tirela. Umma ta rufe shago ta zo. Yaya ta tsara komai kamar ɗakin tiyata. Za ta tsaya a gefe da jan hankici. Za a taho a gudun arba'in, in mota ta zo daidai ita, ko kaɗan kafin nan, ko kaɗan bayan nan, lokacin da ta ga dama, za ta saki hankicin ta ja alli a wurin. Taku talatin daga allin shi ne iyaka. Ni ce mai auna takun, tunda wai ni ce ta lissafi.

Baba ya ce in fara, a ga aikin birkin tukuna. Na taho, hankici ya faɗi, na taka. Wallahi Shuɗiya ta kafe kamar an kama ta da igiya, tayoyin gaba suka ja baƙin layi biyu a simintin. Muka auna, taku ashirin da biyar. Mai walda da mai faci da suka biyo mu kallo suka hau tafi. Baba ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun kafin teburin mai jarida.

Sai ya shiga. Ya gyara madubi, ya gyara hula, ya taho tsaf, hannu biyu a sitiyari. Hankici ya faɗi. Na ga motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba, sannan ta yi ƙara ta tsaya. Na auna, na sake aunawa ina rage faɗin takuna a zuci, amma lissafi ba ya jin roƙo. Talatin da huɗu.

"Rana ce ta kashe masa ido," in ji mai faci.

"A sake," in ji Yaya. Muryarta ba irin ta falo ba ce, a hankali ta faɗa.

Aka juya ta ɗaya gefen, rana a bayansa. Talatin da uku. Yaya ta ce a sake na uku, ita da ta zo karɓar makulli. Baba ya girgiza kai, ya kashe mota ya fito.

Bai zo wurinmu ba. Ya bi baƙin layin tayar yana ɗingishi, ya auna nawa da ƙafarsa daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare, ya auna nasa. Sannan ya koma kan allin Yaya ya auna daga can zuwa inda kowane layi ya fara.

"Malama, zo ki gani," ya ce. "Naki taku goma sha ɗaya ta ja. Nawa goma sha ɗaya. Birki ɗaya ne, ba shi da laifi." Ya nuna simintin da ke tsakanin allin da farkon layinsa, fari tas ba alamar taya. "Nan ne. Ina ganin hankicin sarai. Ina ce wa ƙafar tashi, sai ta yi shawara tukuna."

Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa wa Yaya. Ta ƙi karɓa, ta ɓoye hannayenta a baya tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Sai ya kamo hannuna ya danƙa min.

"Amma aikin ya yi kyau ko?" ya ce.

"Ya yi, Baba."

"To shi ke nan. Kai mu gida."

Ya zagaya ɗaya gefen ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta nan ba. Umma da Yaya suka shiga baya. Yana zama ya zabura ya shafa ƙugunsa, ya danna kujerar da hannu. Wani ƙarfe ne ya fasa soso yake sukar mutum.

"Wannan fa? Tun yaushe?"

"Tun ina goyon wannan," in ji Umma, ta nuna ni da haɓa.

"Shekara talatin da tara kina zaune a kan ƙarfe? Me ya hana ki faɗa?"

"Na san halinka, Malam. Da na faɗa, da ka kwance kujerar ka kai rumfa ta yi wata shida, ni kuma a mayar da ni baya. Ni a gaban nake son zama. In ka ɗan karkata hagu ba ya suka."

Baba ya ɗan karkata hagu. Na ta da mota muka fito daga filin muka hau titi. A mararrabar farko fitila ta koma ja, na taka birki, Shuɗiya ta tsaya cak a bayan layi. Sai da ta gama tsayawa na ji takalminsa ya daki ƙasan motar a gefensa, inda babu birki. Shi ma ya ji. Ya sa hannu biyu ya kamo gwiwar ya janyo ƙafar baya, ya riƙe ta a nan har muka isa gida.